Orozali da Akwatin Surukarsa

A Kara-Bulak, in ka ga mutum ya shigo gidan biki ya wuce masu gida, ya nufi inda aka jera motoci yana durƙusawa gaban tayoyi ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce ya sha wani abu. Orozali ne. Sai ya gama gaisawa da tayoyi yake zuwa ya gaisa da mutane. Bayan hannu yake ɗorawa a tsakiyar taya, inda boris yake, ya karkata kai kamar uwa tana duba zazzaɓin ɗanta. In ya ji ɗumi kaɗan, ya wuce. In ya ji zafi, to mai motar nan ya gama jin daɗin bikin, don Orozali zai zauna kusa da shi yana yi masa zancen giris har a kwashe kwanuka.

Shekarunsa hamsin da takwas. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farar hularsa irin tamu ta Kirgiz tana da baƙin tambarin babban yatsa a gefen dama, inda yake kama ta. Matarsa Kalica ta wanke hular nan har ta gaji ta bar wa Allah. Tun yana saurayi ya fara tuƙi a gonar gwamnati, yana jan tankin ruwa da amalanken ciyawa. Da aka watsa gonar aka raba kaya, wasu suka sami shanu, wasu tumaki, shi kuwa rabonsa ya faɗa kan wata shuɗiyar babbar mota wadda ba ta da ƙofar hagu, kaji kuma sun shekara biyu suna ƙwai a kujerarta. Aka yi ta yi masa dariya. Yau shekara talatin ke nan. Shanun an cinye su tuni, motar kuwa tana nan, tana tari da safe kamar tsoho, amma tana tashi.

Sana'arsa ja. In mota ta mutu a hanya, shi ake kira. Masu zuma da tirelolin amyoyinsu, 'yan birni da ke zuwa hutu da 'yan fararen ɗakunansu masu taya su maƙale a taɓo, duk nasa ne. Amma babban aikinsa ɗakunan makiyaya masu taya, waɗanda ake haurawa da su kan dutse da bazara, a sauko da su da kaka. Bai taɓa kayar da ko ɗaya ba, kuma in ka zauna da shi minti biyar za ka ji wannan labarin ko ba ka tambaya ba.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Kafin ya ɗaura abu a ƙugiyar motarsa, sai ya kama ƙarfen wuyan abin ya gwada ɗagawa. In ya yi nishi kafin ya taso, an daidaita. In ya taso masa da hannu ɗaya kamar buta, ba ya ja, ko waye mai shi. Cewa yake kayan sun taru a gindi, kuma abin da nauyinsa ke gindi sai ya kaɗa wutsiya a hanya, ya kaɗa motar tare da shi. Ya taɓa sa wani babban mutum daga birni, da kwat ɗinsa da komai, ya yi ta jidar akwatunan lemo daga bayan ɗakinsa zuwa gaba, shi kuwa yana tsaye yana sakace.

Mutum ɗaya ce a duniya bai taɓa kafa wa doka ba: surukarsa, Burul-apa, wadda ake kira Apa, wato inna.

Shekararta tamanin da ɗaya, ba ta kai masa kafaɗa ba, amma har yau "yaron nan" take ce masa. A wurinmu mijin 'ya ba ya girma. Ko gemunsa ya yi fari fat, a gidan surukai shi ne mai yanka rago, shi ne mai ɗebo ruwa, wurin zamansa kuma can kusa da ƙofa. Orozali ya shekara talatin da huɗu a bakin ƙofar Burul-apa, bai taɓa cewa uffan ba.

Ɗakinta na kan dutse kore ne, na katako da kwano, tayoyi biyu kawai a tsakiya, ƙofarsa a gaba ta wajen ƙarfen ja. Kowace shekara ɗanta Mederbek ke jan sa da tarakta, tafiyar da ko tsohuwar saniya za ta wuce su, ita kuwa tana ciki tana kaɗin zare. Kakar bana injin taraktar ya buga. An riga an kora dabbobi ƙasa, maƙwabta sun sauka, ƙanƙara ta fara rufe kawunan duwatsu. Kalica ta ajiye wa mijinta shayi ta ce, "Gobe za mu je mu sauko da Apa."

Ya ce to. Da ya san abin da ke jiransa, da ya ce motar ma ta buga.

Suka isa da hantsi. Ya gaida Apa, ya sha shayin dole kofi biyu, ya fita wajen tayoyi. Tsohon bargon da ya ba Mederbek ya rufe su da shi don kada rana ta tsattsage su, ga shi can kare na kwance a kai.

Mederbek, ƙato mai shekara arba'in da biyar da tumbi kamar ya haɗiye tukunya, ya zo ya tsaya a kansa. Ya ce, "Jezde, ka fara gaishe-gaishen naka?" Haka ƙanin mata ke kiran mijin yayarsa, kuma da wannan sunan yake da izinin zolayarsa har kabari.

Orozali ya ce, "Na ga kare ya fi tayoyin daraja a gidan nan."

"Kare yana haushi in kerkeci ya zo. Tayarka me take yi?"

Bai kula shi ba. Ya sa jak ya ɗaga, ya juya kowace taya yana kasa kunne, ya buɗe ya cusa giris, ya ƙara iska, ya bi notina da sifana. Sannan ya zagaya gaba ya kama ƙarfen wuyan.

Da yatsu biyu ya taso. Saura kaɗan ya buge masa haɓa.

Ya leƙa ciki, nan take ya ga dalili. A kowane ɗaki namu, wuri mafi daraja shi ne can ƙurya, nesa da ƙofa. Nan babban baƙo ke zama, nan ake ajiye akwatin uwar gida a tara barguna a kai har rufi. A ɗakin da ke kan ƙasa wannan ba ya cutar da kowa. A ɗakin da ƙofarsa ke gaba kuwa, ƙurya ita ce wutsiya. Ga akwatin can, ga barguna, Mederbek kuma ya tura buhunan busasshen nono da gwangwanayen man shanu da ƙatuwar tukunyar ƙarfe duk a gefensa, wai don Apa ta sami wurin miƙe ƙafa.

Akwatin kuma ba na zannuwa ba ne kawai. Marigayi mijinta Asanali maƙeri ne, shi ke yi wa dawakin kwarin nan takalma. Da ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, ta naɗe uwar maƙerarsa da gudumominsa a karan-miski, ta sa a akwatin aurenta, ta ajiye daidai inda yake zama. Kowa ya sani. Sai maza huɗu suke ɗaga shi.

Orozali ya ja matarsa gefe. Ya ce, "Dole akwatin nan ya dawo gaba."

Kalica ta dube shi kamar ya ce a yanka dokin liman. Ta ce, "Ga Apa can. Bakinka ai yana aiki."

Ya mayar da buhunan da tukunyar gaba, babu wanda ya hana. Ya sake gwada wuyan. Hannu ɗaya. Sai ya cire hula, ya tsaya a bakin ƙofa inda ya saba, ya fara daga nesa. Ya yi zancen iska, ya yi zancen sabuwar kwalta, ya ce mota ba tarakta ba ce, ko ka lallaɓa ta sai ta fi ta sauri a gangare. Burul-apa tana naɗe zarenta tana sauraro.

Ta ce, "Yaron nan, faɗi abin da ke bakinka, rana na tafiya."

"Apa, da akwatin zai ɗan matso nan gaba, na tafiyar yau kawai."

"Nan ina?"

Ya nuna da hular.

Ta ce, "Wajen takalma. Mahaifin matarka kake so in ajiye wajen takalma."

Har karen ya tashi ya bar wurin.

Ya ce to ko ita ta dawo cikin mota ta zauna a kujera mai laushi. Ta ce shekara goma sha biyu ba ta bar shi shi kaɗai a hanya ba, ba yau za ta fara ba. Kalica ta ce in Apa na ciki, ita ma tana ciki. Mederbek yana gefe yana danne dariya har tumbinsa na rawa.

Nan Orozali ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara talatin. Ya ɗaura. Kunya ta ɗaura masa. Ya sa ƙusar ƙugiya, ya gitta sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashi, ya shiga mota. Ya gaya wa kansa cewa fili ne shimfiɗaɗɗe har bakin gangare, tafiyar awa guda, kafin nan Allah zai kawo dabara. Amma ya san abin da ke bayan filin: hanya mai lanƙwasa tara a jikin dutse, hagu bango, dama rami mai zurfin da in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa. A bayansa kuma matarsa da uwarta, cikin akwatin katako mai tayoyi biyu.

Ya tafi kamar mai rakiyar gawa. Mederbek a gefensa yana ɓantarar busasshen nono.

"Jezde, in sauka in tura? Taraktata ma da ta mutu ta fi wannan sauri."

"Ci abincinka."

Dabara ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne inda sabuwar kwalta ta fara, da ɗan gangare wanda ido ma ba ya gani. Motar ta ɗan saki jiki. Sai iska ta fito daga tsakanin duwatsu biyu ta daki gefen ɗakin.

A madubin hagu ya ga koren ɗakin ya cika shi. Ya ɓace. Ya cika na dama. Ya dawo hagu, ya fi na farko. Bayan motar ya fara bin sa, sitiyari na fizgar hannunsa.

Mederbek ya zubar da abin da ke hannunsa. "Birki, jezde, taka birki!"

Bai taka ba. Ya san in ya danne shi yanzu, ɗakin zai naɗo ta gefe ya kifa da su duka. Ya ɗauke ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe, bai bi rawar ba, yana ji gumi na gangarowa daga ƙarƙashin hula. Kore a hagu. Kore a dama, amma kaɗan. Kaɗan kuma. Da ya ji abin ya lafa ya bi motar, sannan ya shafa birki kamar mai tsoron tada jariri, ya gangara gefen hanya ya tsaya. Bakin kwanar farko bai fi taku ɗari biyu ba.

Ya ja birkin hannu, ya sa duwatsu a bayan tayoyi tukuna, don ko a firgice hannunsa ya san aikinsa, sannan ya buɗe ƙofar ɗakin.

Kofuna sun farfashe. Barguna sun zubo. Kalica na zaune a ƙasa fuskarta fari fat kamar gari. Daga ƙarƙashin tulin barguna hannu ɗaya ya fito, riƙe da mariƙin akwati gam. Suka yaye. Burul-apa ta gyara ɗankwali, ta dubi kowa, ba ko ƙwarzane.

Ta ce, "Tuƙinka ne."

Orozali ya ce, "Haka ne, Apa." Ya koma ya kashe mota, ya sa makulli a aljihu, ya zauna a kan wani dutse. Ba zai iya ba ta umarni ba. Ba zai kuma shiga kwanar nan da ɗakin haka ba, ko za su kwana uku a wurin. Can yamma gajimare ya haɗe baƙi, irin wanda ke zuwa da ƙanƙara.

Kalica ta fito da uwarta ta sha iska. Tsohuwar ta tsaya tana dogara sanda, tana kallon wata siririyar hanya da ciyawa ta kusa cinyewa, wadda ke bin gefen kwaltar ta gangara.

Ta ce, "Ta nan muke sauka da. Da dawakai da raƙuma, kaya niƙi-niƙi, ko kofi ɗaya ban taɓa fasawa ba. Yanzu an kawo mana ƙarfe mai rawa."

Orozali ya ɗago kai. Ya ɗan jima yana juya hularsa. Sannan ya ce, cikin muryar mai son jin labari kawai, "Apa, lokacin nan in an tashi ƙaura, mai gidanki Ata, Allah ya jiƙansa, a ina yake tafiya?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A gaba mana. A kan jan dokinsa. Babu mai wuce shi."

"To baya fa, su wa ke bi?"

"Guragun tumaki," in ji ta, "da surukai."

Mederbek ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya ta dubi motar, ta dubi ɗakin da ke bayanta, ta bi shi da ido har wutsiya, inda akwatin yake. Ta daɗe a haka. Orozali ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa kamar yau ya fara ganin sa.

Sai ta ɗaga sanda ta nuna ɗanta. "Kai. Shekara goma sha biyu kana jan mahaifinka a bayan ayari, bakinka bai taɓa buɗewa ba?"

"Ni, Apa? Ai ke kika..."

"Ku fito min da shi. Kada ya taɓa ƙasa."

Maza biyu ba sa ɗaga abin maza huɗu, don haka aka buɗe akwatin. Orozali ya rungumi uwar maƙerar cikin karan-miskinta, Mederbek ya tallafa ta ƙasa, suna tafiya kamar kaguwa, tsohuwar na biye tana ba da umarni. Aka shimfiɗa darduma a bodin mota, daf da gilashin baya, aka ɗora akwatin, aka mayar da komai ciki, Orozali ya ɗaure da igiya ta kusurwa huɗu ya jijjiga ya ji ko motsi. Sannan ya kwance ɗakin daga ƙugiya don ya gwada. Ya kama wuyan da hannu ɗaya, ya ƙi. Ya sa biyu, ya yi nishin da Kalica ta ce tun ranar ɗaurin aurensu ba ta ji ya yi mai daɗinsa ba. Ya mayar, ya gitta sarƙoƙi, ya sake bin notinan taya da sifana.

Tunda mai gida ya koma gaba, ba a ma yi gardamar inda Apa za ta zauna ba. Ta hau kujerar mota, Kalica a tsakiya. Mederbek ya tsaya yana neman wurinsa.

Orozali ya ce, "Hau bodi. Kun daɗe ba ku yi hira da mahaifinka ba."

"Jezde, sanyi fa."

"Ga bargon kare nan, na taho da shi."

Suka shiga kwanar farko a giya ɗaya, injin na gurnani yana riƙe nauyin, ƙafarsa na taɓa birki tana saki don kada ya ɗau zafi. Ya dubi madubi. Ɗakin na biye a miƙe kamar maraƙi a bayan uwarsa. Kwana ta biyu, haka. Ta uku, iska ta sake dukan su, ɗakin ya ɗan girgiza kafaɗa ya ci gaba da harkarsa. A ta biyar ya tsaya ya zagaya ya taɓa tayoyi, ya shinshina birki. Burul-apa kuwa kowace kwana sai ta waiga ta gilashi ta duba akwatin, ta kuma ga ɗanta a dunƙule cikin bargo hancinsa ya yi ja, ta ce iska na yi masa amfani.

Ƙanƙarar farko ta fara sauka a gilashi suna fita daga ta tara. Nan kwarin ya buɗe, ga rafi, ga dogayen bishiyoyin bakin gari sun yi rawaya. Orozali ya tsaya a gefen rafin. Ya sauko don ya duba tayoyi kamar kullum, amma bai kai wajensu ba. Ya zauna daɓas a kan ciyawa, ya jingina da motar, yana dariya ƙasa-ƙasa shi kaɗai, ba tare da ya san abin da yake wa dariya ba.

Ya ji ƙarar sanda. Burul-apa ta wuce shi, ta je wajen tayar ɗakinta, ta sunkuya da ƙyar ta ɗora bayan hannu a tsakiya, ta karkata kai.

Ta ce, "Ɗumi kaɗan."

Ta zagaya ta taɓa ɗayar. Sannan ta dawo ta ture masa hula, ta ɗora bayan hannun a goshinsa.

"Wannan ce ta yi zafi. Kalica, dafa wa yaron nan shayi kafin ya kama da wuta."

A gida aka mayar da akwatin ƙuryarsa, aka tara barguna a kai. Da aka kawo nama, Orozali ya nufi bakin ƙofa inda ya saba. Ba ta ce ya matso ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Amma da hannunta ta yanko masa ƙirjin rago, ta ce bazara mai zuwa shi zai haura da ita, ba ta son taraktar nan, tafiyarta kamar ta mai ciwon baya.

Mederbek ya buɗe baki zai yi magana, atishawa ta riga shi.